Farashin Ƙofar Fita: Yadda Manyan Jami'o'in Amurka Suka Mayar da Kotu Rumfar Ciniki

Ranar 22 ga Disamba, 2023, kwamitin amintattu na Jami'ar Florida State ya zauna, ya amince a kai ƙarar ACC, gamayyar wasannin da jami'ar ta shafe fiye da shekara 30 a cikinta. Lauyoyin jami'ar sun gabatar da lissafi guda: idan ta fice a lokacin, ficewar za ta ci mata dala miliyan 572. Bayan wata 14 da 'yan kwanaki, ranar 4 ga Maris, 2025, aka sasanta. Farashin fita ya sauko zuwa dala miliyan 165, kuma zai riƙa sauka kowace shekara har ya tsaya a miliyan 75. A tsakanin waɗannan ranaku biyu babu alƙalin da ya yanke hukunci a kan ainihin tambayar da aka kai gabansa, wato ko yarjejeniyar da ta ɗaure jami'ar halattacciya ce.

Ra'ayina shi ne, a rigingimun ficewa daga gamayyar wasannin jami'o'i a Amurka, abin da ke kai manyan jami'o'i kotu shi ne neman karya farashin ƙofar fita, kuma kusan kullum suna samun biyan buƙata tun kafin a kai ga hukunci. Ragin da suke samu kuwa daga aljihun wasu yake fita: ƙananan jami'o'in da aka bari a baya, da ɗaliban da ke buga wasannin. Duk wanda aikinsa ya shafi rubuta yarjejeniyar haɗin gwiwa, ko zama a kwamitin ƙungiyar da ta haɗa manya da ƙanana, zai ga fuskokin da ya sani a cikin wannan labari.

Yadda wasan ɗalibai ya zama kasuwar biliyoyi

Wanda ya san wasannin jami'a ta hanyar gasar NUGA zai sha mamakin abin da ake kira wasan ɗalibai a Amurka. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 107,000, ya fi Wembley na Landan girma. Wasan da ke cika irin waɗannan filaye shi ne ƙwallon Amurka, wanda ya fi kama da zari-ruga a kan tamaular da muka sani, sai ƙwallon kwando da ke bi masa a baya. A jihohi da dama, kocin ƙwallon jami'a ne ma'aikacin gwamnati mafi tsokar albashi, ya kere wa gwamna nesa.

Jami'o'in ba sa wasa kara zube. Suna cikin rukuni-rukuni, kowane rukuni da sunansa da kwamishinansa da tsarin mulkinsa, kuma shi nake kira gamayya a nan. Gamayya ce ke tsara jadawalin wasa, ta fitar da zakaranta, sannan ta haɗa wasannin dukkan mambobinta ta sayar wa gidajen talabijin a dunƙule, ta raba kuɗin. A asali maƙwabtaka ce ke haɗa su. ACC, wadda aka kafa a 1953, ta jami'o'in gaɓar Tekun Atlantika ce. Big Ten ta tsakiyar arewacin ƙasar ce, SEC ta kudu maso gabas, Pac-12 kuma ta yamma, gefen Tekun Fasifik.

Ita kanta wannan kasuwa kotu ce ta haife ta. Kafin 1984, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ce kaɗai ke sayar da haƙƙin nuna ƙwallon Amurka a talabijin, tana kuma ƙayyade sau nawa za a nuna kowace jami'a. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ta ƙara, Kotun Ƙoli kuma ta yanke, da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, cewa tsarin ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwa. Daga nan ikon sayarwa ya koma hannun jami'o'i da gamayyoyinsu, kuma darajar kowace gamayya ta koma yawan idanun da take iya tarawa a gaban talabijin.

Shekara 40 bayan haka, gamayya biyu sun yi wa sauran fintinkau. A 2022 Big Ten ta ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da Fox da CBS da NBC a kan fiye da dala biliyan bakwai. SEC ta ba ESPN manyan wasanninta daga 2024. A shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023, jami'ar Big Ten ta karɓi kimanin dala miliyan 60, ta SEC kimanin miliyan 51, ta ACC kuma kimanin miliyan 45, kuma kowa ya san ratar za ta ƙara faɗi da zarar sababbin kwangilolin sun kankama. Florida State ta yi ƙiyasin cewa za ta riƙa zama a bayan takwarorinta da kimanin dala miliyan 30 a kowace shekara.

Kwaɗo biyu a ƙofa ɗaya

Tunda kuɗin na can, me zai hana babbar jami'a ta tattara kayanta ta koma? Gamayyoyin sun daɗe da hango wannan, shi ya sa suka sa wa ƙofar kwaɗo biyu.

Na farko shi ne kuɗin ficewa. Tarihi ya nuna cewa wannan kwaɗo yana buɗuwa idan aka girgiza shi. A 2011 West Virginia ta so barin gamayyar Big East ba tare da jiran wa'adin wata 27 da dokar gamayyar ta tanada ba. Kowane ɓangare ya kai ɗayan ƙara, a watan Fabrairun 2012 aka sasanta a kan dala miliyan 20, ta tafi abinta. A Satumbar 2012 ACC ta ɗaga nata kuɗin ficewar zuwa ninki uku na kasafin gudanarwarta na shekara, kimanin dala miliyan 52 a lokacin. Jami'a biyu ne suka ƙi amincewa, Maryland da Florida State. Bayan wata biyu Maryland, wadda da ita aka kafa ACC, ta sanar da komawa Big Ten. ACC ta kai ƙara, Maryland ta mayar da martani da tata ƙarar, a Agustan 2014 aka daidaita a kan dala miliyan 31.4. Darasin ya fito fili: kuɗin ficewa farashin farko ne, wanda ake tayawa.

Saboda haka aka ƙera kwaɗo na biyu. A Afrilun 2013 sauran jami'o'in ACC suka sa hannu a wata takarda ta miƙa haƙƙi, inda kowace ta sallama wa gamayyar haƙƙin nuna wasannin da take bugawa a gida har zuwa 2027. A 2016 suka tsawaita ta zuwa 2036, domin ESPN ta yarda ta buɗe musu tashar talabijin tasu ta kansu, wadda ta fara aiki a 2019. Ma'anar takardar kamar manomi ne ya sayar da amfanin gonarsa na shekara 20 tun kafin ya yi shuka. Yana da damar ƙaura zuwa wani gari, amma duk abin da gonar ta fitar na mai saye ne. Jami'a na iya barin ACC, sai dai kuɗin nuna wasanninta na gida zai ci gaba da shiga asusun ACC har wa'adin ya cika. Babu gamayyar da za ta ɗauki baƙuwar da ta zo hannu rabbana.

Daga nan lissafin miliyan 572 ya fito: kimanin miliyan 130 kuɗin ficewa, miliyan 429 darajar haƙƙin da za a rasa, sauran kuma wasu kuɗaɗen watsa wasanni da ba za a mayar ba.

Rige-rigen zuwa kotu

Florida State ta daɗe tana ƙorafi. A farkon 2023 daraktan wasanninta, Michael Alford, ya shaida wa amintattu cewa jami'ar ce ke kawo kimanin kashi 15 cikin 100 na darajar kwangilar talabijin ta ACC, amma kashi bakwai take karɓa. Abin da ya fusata ta ƙarshe ya faru ne ranar 3 ga Disamba, 2023. Ta ci wasanninta 13 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, ta ɗauki kofin ACC, amma kwamitin da ke zaɓen jami'o'i huɗun da za su fafata a gasar zakaran ƙasa ya tsallake ta, ya ɗauki Alabama da Texas, waɗanda kowace an doke ta sau ɗaya. Hujjar kwamitin ita ce jagoran 'yan wasanta, Jordan Travis, ya samu karaya a ƙafa. Magoya bayanta kuwa sun fassara abin da cewa sunan ACC ne ya daina nauyi.

Da ACC ta ji ƙishin-ƙishin ƙara na tafe, sai ta riga ta. Ranar 21 ga Disamba ta shigar da tata a gundumar Mecklenburg ta jihar Carolina ta Arewa, inda hedikwatarta take. Washegari Florida State ta shigar a gundumar Leon, wato a gida. A ranar 21 ɗin nan ce kuma Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar gasar Super League, wadda manyan ƙungiyoyin ƙwallon Turai 12 suka yi yunƙurin kafawa a 2021. Masu bin ƙwallon Turai za su gane cewa cutar iri ɗaya ce: manyan da ke jawo 'yan kallo sun gaji da raba kuɗi da ƙanana.

A Maris na 2024 Clemson, wadda ita ma da ita aka kafa ACC kuma ta ci kofin ƙasa a kakar 2016 da ta 2018, ta shigar da tata ƙarar a gundumar Pickens ta Carolina ta Kudu. ACC ta sake mayar da martani a Carolina ta Arewa. Ƙara huɗu ke nan a jihohi uku a kan takarda ɗaya.

Hujjojin masu ƙara sun bambanta. Florida State ta ce kuɗin da aka ɗora mata horo ne aka sa masa rigar diyya. Wannan ƙa'ida ce da lauyoyin Najeriya da Ghana suka sani sarai, domin daga dokar Ingila kowa ya gaje ta: kotu na tilasta biyan diyyar da aka ƙayyade tun farko idan ta yi daidai da hasarar da ake hasashe, amma ba ta tilasta adadin da aka sa don tsoratarwa. Ta kuma ce tsarin yana tauye kasuwanci, kuma shugabannin ACC sun gaza wajen kare muradun mambobi. Clemson ta bi wata hanya mai wayo. Ta ce takardar ta shafi wasannin da jami'a ta buga tana mamba ne kawai, don haka da zarar ta fice, haƙƙinta ya dawo hannunta. ACC ta amsa da cewa babu batun horo a nan, domin haƙƙin an riga an miƙa shi da hannu biyu, kuma ba a ƙwace wa mutum abin da ya riga ya sayar.

Duk tsawon shari'ar, alƙalai ba su kai ga auna waɗannan hujjoji ba. Lokacin ya tafi ne a kan wace kotu ke da hurumi, da kuma ko jami'ar gwamnatin wata jiha tana da kariyar da ta hana a gurfanar da ita a kotun wata jihar. Alƙalin Carolina ta Arewa ya ce shari'ar ta ci gaba a gabansa, na Florida ma ya ce haka, aka shiga ɗaukaka ƙara.

Wa ke da gaskiya?

A ganina, ta fuskar adalci ƙarar Florida State ba ta da ƙarfi. Ta sa hannu sau biyu, a 2013 da 2016, da lauyoyinta a gefe. Ta karɓi rabonta na shekara goma, ta ci moriyar tashar da takardar ta samar. A lokacin da aka sa hannun, ACC na cikin fargabar wargajewa bayan tafiyar Maryland, kuma kwanciyar hankalin da takardar ta kawo ya amfani manya da ƙanana. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yarjejeniyar da za ta ɗaure mutum a ranar da take masa daɗi kawai ba ta da amfanin rubutawa, domin don ranar da wani zai so tafiya aka yi ta.

Duk da haka, akwai abu biyu da masu ƙara suka tono waɗanda dole a ba su gaskiya a kai. Na farko, shari'ar ce ta bayyana wa jama'a cewa ESPN na da zaɓin janyewa daga kwangilar bayan 2027, alhali jami'o'in na ɗaure har 2036. Ɓangare ɗaya yana da ƙofa, ɗayan ba shi da ita. Na biyu, kwangilolin talabijin ɗin a hedikwatar ACC ake ajiye su, jami'a ba ta da kwafi. Sai lauyoyinta su je can su karanta su dawo. Florida State da Clemson jami'o'in gwamnati ne, kuma wannan sirri ya sa Antoni Janar ta Florida a lokacin, Ashley Moody, ta je kotu a 2024 tana neman a fito da takardun a ƙarƙashin dokar jihar ta bayyana bayanan hukuma. Waɗannan aibobi ne na gaske. Sai dai maganinsu gyara ne da bayyanawa, ba su kai su warware sa hannun da aka yi da ido buɗe ba.

To, idan ACC ce ke da hujja mafi ƙarfi, me ya sa ta sasanta? Amsar tana cikin bambancin abin da kowane ɓangare zai rasa. Idan Florida State ta faɗi, ta yi hasarar kuɗin lauya, ta koma kujerarta. Idan ACC ta faɗi ko da a kotu ɗaya daga cikin ukun, kwaɗon ya karye ga kowa, kuma manyan mambobinta za su iya watsewa cikin mako guda. Biyu daga cikin kotunan kuma a garuruwan masu ƙara suke. Mai tsaron gidan da ya san harsashi ɗaya zai rushe katangarsa ba ya jiran a harba. Da ESPN ta sanar a Janairun 2025 cewa za ta ci gaba da kwangilar har 2036, sai hanyar sulhu ta buɗe.

Abin da aka sayar a sulhun

Sulhun yana da sassa biyu. Na farko, kuɗin ficewa ya zama dala miliyan 165 a kakar 2025 zuwa 2026, yana raguwa da miliyan 18 kowace shekara har ya kai miliyan 75 a kakar 2030 zuwa 2031, kuma duk jami'ar da ta biya za ta tafi da haƙƙinta na talabijin. Wato kwaɗo na biyu ya narke cikin na farko. Mai karatu ya lura da lokacin: kwangilar Big Ten da gidajen talabijin tana ƙarewa ne a 2030, daidai lokacin da ƙofar ACC za ta fi araha.

Sashe na biyu shi ne ya fi tayar mini da hankali. An daina raba kuɗin talabijin daidai wa daida. Kashi 40 cikin 100 ne za a raba daidai a tsakanin tsofaffin mambobi, kashi 60 kuma bisa yawan masu kallon wasannin kowace jami'a. Kuɗin da ke shigowa bai ƙaru ba saboda wannan sauyi, don haka duk abin da ya ƙaru a rabon Florida State da Clemson daga rabon irin su Wake Forest da Boston College zai fito. Su ne suka cika alkawari, su ne kuma suka biya kuɗin sulhu.

Wani zai ce ai wannan shi ne adalci, wanda ya fi kawowa ya fi ɗauka. Hujjar tana da nauyi, amma ta manta da yadda wasa yake. Babu mai kunna talabijin don ya kalli Clemson tana motsa jiki ita kaɗai. Abin da ake sayarwa gasa ce, kuma gasa na buƙatar abokin karawa da zai iya ba da tsoro. Rabon daidai shi ne hanyar da manya ke biyan kuɗin samun irin wannan abokin karawa. Idan aka ɗora rabo a kan yawan masu kallo, mai suna zai ƙara kuɗi, ya ɗauki koci mafi tsada, a ƙara nuna shi a lokacin da jama'a suka fi kallo, sunansa ya ƙara girma. Bayan shekara biyar ratar da ake kuka da ita tsakanin ACC da SEC za ta bayyana a cikin ACC kanta. Tsintsiya maɗaurinta ɗaya, kuma maɗaurin gamayya shi ne rabon daidai.

Pac-12: inda babu kwaɗo

Wanda ke ganin takardar miƙa haƙƙi zalunci ce, sai ya dubi abin da ya faru a inda wa'adinta ya ƙare. Pac-12 tana danganta asalinta da 1915. Kwangilarta ta talabijin da takardarta ta miƙa haƙƙi sun ƙare a 2024. A Yunin 2022 USC da UCLA suka sanar da komawa Big Ten. Kwamishinan gamayyar, George Kliavkoff, ya kasa samo sabuwar kwangilar da za ta gamsar da sauran. Colorado ta tafi a ƙarshen Yulin 2023. Ranar 4 ga Agusta jami'a biyar suka fice a yini ɗaya: Oregon da Washington zuwa Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah zuwa Big 12. Ranar 1 ga Satumba Stanford da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka shiga ACC. Daga 12 saura biyu, Oregon State da Washington State.

Rigimar da ta biyo baya ta gado ce. Masu tafiya goma suna da rinjaye a kwamitin gudanarwa, kuma biyun da suka rage sun ji tsoron za a yi amfani da rinjayen a rushe gamayyar, a raba dukiyarta. Suka garzaya kotun gundumar Whitman a jihar Washington. Tsarin mulkin Pac-12 ya ce jami'ar da ta ba da sanarwar ficewa ta rasa kujerarta a kwamiti, kuma da wannan doka aka cire USC da UCLA a 2022, da masaniyar waɗanda yanzu ke cewa ba ta shafe su ba. A Nuwambar 2023 alƙali Gary Libey ya ba jami'o'in biyu ikon gudanar da gamayyar, a Disamba kuma Kotun Ƙolin jihar ta ƙi sake duba batun. Aka sasanta: kowace mai tafiya ta bar dala miliyan 6.5, jimilla miliyan 65, sannan dukiyar gamayyar da kuɗaɗen da za su shigo nan gaba suka zama na biyun.

A cikin duk shari'o'in nan, wannan ce kotu ta yi magana ƙarara ta kare mai rauni, kuma dalilin shi ne dokar gajera ce, a bayyane take, an kuma taɓa aiki da ita. Amma labarin bai tsaya nan ba. Don su samu abokan wasa a 2024, jami'o'in biyu sun ƙulla yarjejeniya da wata ƙaramar gamayya, Mountain West, wadda ta sa sharaɗin tara idan Pac-12 ta janye mata mambobi. A Satumbar 2024 Pac-12 ta janye biyar: Boise State, Colorado State, Fresno State, San Diego State da Utah State. Sannan ta je kotun tarayya a Kalifoniya tana cewa tarar, kimanin dala miliyan 55, ta saɓa wa dokar hana babakere, kuma ta sa hannu ne a cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Wadda aka yi wa fashi jiya ita ce ke fasa gidan maƙwabciya yau, da irin hujjar da manya suka saba kawowa. Wannan ya nuna cewa matsalar ta wuce halin wata jami'a ɗaya. Tsarin ne ke ba duk wanda ya fi ƙarfi a ɗaki ladan karya alkawari.

Waɗanda ba a gayyata ba

A duk waɗannan ƙararraki babu inda sunan ɗalibi ya fito a matsayin mai ƙara ko wanda ake ƙara. Amma shi ne ke shiga jirgi. Stanford da Berkeley, da ke gaɓar Fasifik, yanzu suna cikin gamayyar gaɓar Atlantika, kuma daga yankinsu zuwa Boston ko Miami ya haura kilomita 4,000, da bambancin agogo na awa uku. 'Yan ƙwallon Amurka wasa 12 suke bugawa a kaka, kusan rabi a gida, galibi ranar Asabar, a jirgin shata. 'Yan ƙwallon raga da na tanis da sauran ƙananan wasanni, waɗanda babu wanda ya sauya gamayya saboda su, su ne ke yawan tafiya, wani lokaci a tsakiyar mako, ga darasi da jarrabawa na jiransu.

Akwai kuma abin kunya a nan. Har zuwa 2021, ɗan ƙwallon Amurka ko na kwando da ya sauya jami'a sai ya yi zaman shekara guda ba ya wasa, in ba an yi masa rangwame na musamman ba. Hujjar jami'o'in ita ce alkawari kaya ne. Su ne kuma suka shafe shekaru suna hana ɗalibi karɓar ko sisi daga kuɗin talabijin da sunan cewa wasan na sha'awa ne, har sai da ƙararraki suka tilasta musu. A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun da ya tanadi biyan tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wannan ci gaba ne, sai dai sabon nauyi ne a kan kasafin jami'o'i, kuma zai ƙara wa manya ƙishirwar komawa inda kuɗi ya fi yawa.

Abin da ya kamata

Ban ga laifin a bar ƙofa a buɗe ba. Ɗaure cibiya shekara 20 a kasuwar da ke sauya kama kowace shekara biyar ganganci ne, kuma kwaɗon da ba shi da mabuɗi gayyatar maƙeri ne. Abin kirki ɗaya da sulhun ACC ya kawo shi ne farashin fita sananne, mai raguwa da lokaci. Da an rubuta shi haka tun 2016, da kuɗin ficewar ya tafi kai tsaye ga waɗanda aka bari, da ba a kai ga sayar da rabon daidai don sayen zaman lafiya na 'yan shekaru ba.

Na biyu, kwangilar da ta ɗaure jami'ar gwamnati bai kamata ta zauna a kulle a ofishin wata ƙungiya ba. Da amintattu da 'yan majalisar jiha da 'yan jarida sun ga zaɓin da aka ba ESPN tun farko, da an yi gardamar kafin sa hannu.

Na uku, a raba ƙwallon Amurka da sauran wasanni. Tunda shi ne ke kawo mafi yawan kuɗin kuma shi ke haddasa ƙaura, ya yi nasa tsarin na ƙasa baki ɗaya, a bar sauran wasanni su koma hannun maƙwabta. Chip Kelly, kocin UCLA na lokacin, ya ba da irin wannan shawara a 2023, kuma akwai misali a ƙasa: Notre Dame ba ta cikin kowace gamayya a ƙwallon Amurka, amma tun 2013 take cikin ACC a mafi yawan sauran wasanninta.

Ko an yi waɗannan gyare-gyare ko ba a yi ba, shekarar da za a sa wa ido ita ce 2030. A lokacin ne kwangilar Big Ten za ta ƙare, kuɗin fita daga ACC ya sauko zuwa dala miliyan 75, kuma jami'ar da ke hangen ƙarin miliyan 30 a shekara za ta iya mayar da wannan kuɗi cikin shekara uku. Takardar da aka rubuta don ta riƙe gamayyar har 2036 ta rasa shekara biyar ko shida na ƙarfinta ba tare da wani alƙali ya ce tana da aibi ba. Ƙananan jami'o'in ACC suna da wannan ɗan lokaci su shirya, kuma abin da ya ceci Oregon State da Washington State ya nuna musu inda za su fara: su buɗe tsarin mulkin gamayyarsu tun yanzu, su tabbata ya faɗi a sarari wa ke da kujera da wa ke da dukiya a ranar da manya suka miƙe.